Likitocin MP Mai Ɗauke Numfashi

Duk wanda ya taɓa haɗa MP da hannunsa, ya sayo ɗan fanel mai karanta memori, ya jona masa amfilifaya da batir 18650, ya zuba su cikin akwatin katako ko jarkar da aka yanke wa ciki, ya san mutuwar na'ura gaba ɗaya rahama ce. Abin da ya mutu ana bin sa da mita har a gano inda wuta ta tsaya. Bala'in shi ne sautin da ke ɗaukewa ya dawo da kansa. Waƙa na tsaka da daɗi sai ɗif, kafin ka miƙa hannu ta ci gaba abinta. Wannan cuta ita ce ke tara likitoci, domin ko me mutum ya yi, dama sautin zai dawo. Faɗuwa ta zo daidai da zama, likita ya tafi yana baza riga.

Na farkon isowa shi ne Mai Mari. Ba tambaya, ba dubawa, tafi ɗaya yake kai wa akwatin a ƙeya. Abin haushin, sau da yawa akwatin na amsawa. Marin ya tona asirin wata waya da dalma ba ta kama da kyau ba, amma shi bai sani ba, ba ya kuma neman sani. Gobe ƙarfin hannu zai ƙara.

Bayansa sai Nawa-Bai-Taɓa-Yi-Ba. Fanel iri ɗaya ya saya, a rumfa ɗaya ma, ga shi shekara da shekaru ko tari bai yi ba. Ka ce ya kawo a gwada, sai ka ji ai yana wajen ƙaninsa a Zariya.

Sayi-Sabo kuwa kallon tausayi yake maka. "Haba Malam, nawa MP take a Sabon Gari da za ka zauna kana shaƙar hayaƙin dalma?" Wannan a ba shi ruwa ya sha a sallame shi.

Gwanina a cikinsu shi ne Injiniyan Baki. Yana zuwa zai ja kujera, ya gyara zaman tabarau, ya harɗe hannu a ƙirji, kuma hannun nan ba zai sauko ba har ya tafi. Tambayarsa ta farko ita ce me ya hana ka amfani da Raspberry Pi. Kafin ka amsa ya sanar da kai cewa a Ingila aka fito da ita a 2012, ya yi shiru don ka ji nauyin maganar. Daga nan ya shiga bayanin yadda faifan CD ke ɗebo sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda, da yadda ɗan rumbun da na'ura ke tara sauti a ciki kafin ta fitar yake ƙarewa idan bayanai suka yi jinkirin isowa, da yadda Bluetooth da Wi-Fi ke turereniya a zango ɗaya na 2.4 GHz. Duk gaskiya ne, nan ma ciwon yake, don ba ka da bakin ƙaryata shi. Sai dai akwatinka ba ya da Wi-Fi, waƙar kuma daga memori take fitowa. Ka nuna masa haka, ya yi murmushin malamin da ɗalibi ya ba kunya, ya ce, "To ai ka ga matsalar ke nan." Idan sautin ya ɗauke yana zaune, ya ɗaga yatsa: "Ka ji ko?" Idan ya dawo: "Ka gani ko?" Miƙa masa ƙarfen narka dalma ya riƙe maka waya biyu, nan take zai tuna an kusa kiran la'asar, ko da hantsi ne. Duk da haka ina son zuwansa. Shayi yake sha kofi biyu, bai taɓa ƙona mini komai ba.

Akwai kuma Gaggawa, mai canza batir da memori da sifika da wayoyi duk a zama ɗaya. In an dace bai san me ya warke ba, in ba a dace ba bai san me ya rage ba. Zan sassauta wa wannan rukuni saboda wasu dalilai da durowata, mai cike da batura masu ƙoshin lafiya, ta fi ni sani.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Kawo-In-Duba. Yakan fake da ka shiga gida ɗauko wani abu, ka fito ka tarar ya kwance akwatin, sukurori a cikin ƙasa. Ya ji an ce ƙarancin wuta ne, sai ya jona cajar 12V kai tsaye a kan PAM8403, ɗan guntun amfilifayar da iyakarsa ba ta wuce 5.5V ba. Ƙauri ya tashi, hayaƙi ya biyo baya. Ba haƙuri, ba kunya, sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Dama can ta kusa mutuwa." Aikin dare da rana na mutum, da kuɗin da ya tara da ƙyar, sun tafi a banza, mai ɓarnar kuma ya koma majalisa yana cewa kayan ne jabu. Wannan ba shisshigi ba ne kawai, zalunci ne, kuma duk wanda ya yi shi ya biya.

A ƙarshen layi akwai tsohon mai gyaran rediyo, wanda ba ya zuwa sai an je masa. Shi tambaya ɗaya yake yi: "Yaro, yaushe take ɗaukewa?" Ruwa ba ya tsami banza. In sai an ƙure murya ganga ta buga, wuta ce ke durƙushewa: a auna batir ana cikin kiɗa, a canza siraran wayoyi, a ɗaura kafasita mai 1000µF kusa da amfilifaya. In sai an motsa akwatin, a bi wuraren liƙi da soket ɗaya bayan ɗaya. In kullum a waƙa ɗaya, a gurbi ɗaya, memorin ne ko fayil ɗin, kuma kasuwa cike take da memorin da abin da aka rubuta a bayansa ya fi cikinsa. In ta Bluetooth ne, a matso da wayar salula kusa a saurara.

Saboda haka, ɗan'uwa mai haɗe-haɗe, ka canza abu ɗaya, ka saurara har ka tabbatar, sannan ka taɓa na biyu. Injiniyan Baki ka dafa masa shayi. Kawo-In-Duba kuwa, da ka hango shi, kulle akwatin ka sa makullin a aljihu.