Nasir ko Sadat: A Zo a Yi Lissafi

Na san halinku, 'yan majalisa. Da an ambaci Gamal Abdul Nasir na Masar sai ku gyara zama, ku ce ga namijin duniya da ya taka Turawa. To, a ɗan sassauta murya, a zo a yi lissafi.

A 1956 ya ƙwace mashigin Suwez daga kamfanin da Ingila da Faransa ke juyawa. Wannan ba mai ja. Amma da ƙasashen biyu suka haɗa baki da Isra'ila suka far masa, sojojin Masar ba su kai labari ba: Sinai ta tafi, Fot Sa'id ta sha wuta. Wa ya sa maharan suka janye? Eisenhower na Amurka, wanda ya matse Ingila ta wajen kuɗi, ba a jima ba Firaminista Eden ya sauka. Bature ya janye Bature, Nasir ya kwashe kirarin. Kada ku harare ni, ba ni na shirya ba.

"Kai ɗan koren Turawa ne!" Na ji, Alhaji, zauna tukuna, saura 1967. Tun safiyar farko ta yaƙin, Isra'ila ta ragargaza jiragen yaƙin Masar suna ajiye a ƙasa, rediyon Sautul Arab kuwa yana ta shelar nasara. Kwana shida aka tashi wasan. Nasir ya ce ya yi murabus, jama'a suka cika titunan Alƙahira suka ce atafau sai ya dawo. A wane dandali kuka taɓa ganin an kayar da ɗan dambe, 'yan kallo kuma suka ɗaga shi a kafaɗa?

Shi kuwa Sadat magajinsa, da kuke tsaki in an faɗi sunansa, sojojinsa ne suka tsallaka mashigin a 1973. Ya je Ƙudus a 1977, ya sa hannu kan sulhu da Isra'ila a 1979. Ladansa? Ƙungiyar Larabawa ta dakatar da Masar, ta kwashe hedkwatarta zuwa Tunis, a 1981 kuma aka harbe shi a wurin fareti.

Za ku ce ya bar Falasɗinawa a rana. Wannan kam na ba ku, hujja ce mai nauyi. Sai dai Nasir ya rasu a 1970 Sinai na hannun Isra'ila, yarjejeniyar wanda kuke kira maci amana ce ta dawo da ita a 1982. Mai ja ya zo da taswira bayan La'asar, shayin a wuyana.