Yadda Kunkuru Ya Ƙwace Mini Damina

A zuriyarmu ni ake tambaya idan sama ta sauya fuska. Ba ma'aikacin hukumar NiMet ba ne ni, malamin firamare ne mai gonar masara da ɗan fegin rake a fadama, kamar sauran jama'a a Dandamisa. Amma tun ina yaro nake da baki a kan hadari. In ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗa darbejiya, sai in ce a kwashe shanya, kuma sau da yawa a dace. Lokutan da ba a dace ba, mutane sun yi mini kara sun manta.

To da wannan girman kan na shiga abin da ba na sa'o'ina ba ne. Ɗan yayata ya dawo hutu daga Zariya da wani wasa a waya. Sunansa Pokémon, mutanen Japan suka ƙirƙiro shi, kamfanin Game Freak ya fitar da na farko a 1996, yanzu dodannin da ke ciki sun haura dubu. Shi nasa a wani dandali yake yi mai suna Pokémon Showdown, kyauta, ba sai da na'urar Nintendo ba, data kawai yake ci. Ka zaɓi dodanni shida, kowanne da dabarun faɗa huɗu, a haɗa ka da wani ɗan Adam da ba ka taɓa gani ba, wataƙila a Brazil yake, wataƙila a Indiya. Kowa ya zaɓi bugunsa a ɓoye, sannan a buɗe, mai sauri ya fara.

Na fara da yi masa faɗa, kamar yadda ya kamaci kawu. Na ce an tura ka karatu ka dawo da kiwon aljanu. Ya sunkuyar da kai ya bari na gama, sannan ya ce, "Kawu, a ciki fa har ruwan sama mutum yake sa wa ya sauka."

Na ce, "Miƙo in gani."

Yanayi huɗu ne a wasan: ruwa, rana, guguwar yashi da dusar ƙanƙara. Ƙanƙarar ban ko dube ta ba, ba ni da dangi a can. Rana kuwa, wanda ya sha ta watan Maris da Afrilu a ƙasar Makarfi ba zai sayi data don a ƙara masa ba. Yashi muna shaƙarsa kyauta duk hunturu. Saura ruwa, fannina. Yaron ya yi mini bayani dalla-dalla: in ruwa na sauka, bugun dodannin ruwa yana ƙaruwa da rabi, na masu wuta ya ragu da rabi, wasu kifaye kuma saurinsu ya ninka biyu. Akwai wani tsuntsu mai ƙaton baki, Pelipper, shi da zarar ya sa ƙafa a fage sai sama ta ɓalle. Ya ce a da, a zamanin wasannin Pokémon Black da White da suka fito a 2010, ruwan ba ya ɗaukewa sai wani ya zo ya sauya shi, har 'yan wasa suka yi shekaru suna yaƙin yanayi, kwaɗon nan Politoed da ruwansa, Ninetales da ranarta, Tyranitar da yashinsa. Da masu wasan suka ga abin ya yi yawa, a 2013 suka taƙaita shi zuwa zagaye biyar, ko takwas idan an rataya wa mai kiran ruwan wani dutse mai danshi. Na ce mu da muke samun damina daga Mayu zuwa Oktoba ma kuka muke yi ba ta isa ba, amma ba komai, gwani da zagaye takwas zai yi shuka ya yi girbi.

Na zauna haɗa runduna. Pelipper a gaba, da dutsensa. Sai Barraskewda, wani siririn kifi mai mugun gudu, sai Kingdra. Da na zo cike gurbi uku da suka rage, sai na yi lissafi irin na malamin makaranta: tunda ruwa yana ƙara wa 'yan ruwa ƙarfi, me zai kai ni ɗaukar bare? Na cike su da 'yan ruwa zalla.

"Kawu, ko a sa mai ƙasa guda ɗaya saboda lantarki?"

Na ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce haka ne. Yaron yana da tarbiyya, shi ya sa ya bar ni na faɗa ramin da ƙafata.

Akwai kuma wasu maki 510 da ake raba wa kowane dodo, a ƙara masa ƙarfi ko juriya ko sauri, ba a zuba fiye da 252 a wuri ɗaya. Na ɗebi 252 cur na zuba wa Pelipper a sauri. Dalilina mai kyau ne: ruwan farko shi ne na shuka, wanda ya riga ya riga.

Karawar farko, abokin hamayyata ya fito da wani kunkuru mai fitar da hayaƙi ta hanci, Torkoal. Na yi dariya har da buga cinya. Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Tsuntsuna ya buɗe baki, ruwa ya fara zuba a fuskar wayar, na gyara zama. Ban gama gyarawa ba sai na ga fagen ya yi jajir, ruwan ya ɗauke ɗif, rana ta buɗe. Na girgiza wayar. Na zaci cajin ne.

Ashe ƙa'idar ita ce, in masu kiran yanayi biyu suka shigo tare, mai sauri ne yake fara kiran nasa, sannan mai nawa ya zo daga baya ya shafe shi da nasa. Na ƙarshe shi ne mai sama. Saurin Pelipper 65 ne, na kunkurun nan 20, ni kuma na ƙara wa nawa gudu don ya yi maza ya je ya sha kunya. Mutumin ya janye kunkurunsa ya turo Venusaur, wani ƙaton kwaɗo da fure a gadon baya, wanda rana ke ninka wa sauri. Kifayena da aka yi wa alkawarin damina suka tsinci kansu a tsakiyar bazara. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su ya tsince, ni ina ta danna bugun ruwa da rana ta riga ta cinye rabin ƙarfinsa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Tyranitar. Shi saurinsa 61 ne, tazarar huɗu kacal tsakaninsa da tsuntsuna. Da na rage wa Pelipper gudu maimakon in ƙara, da ruwana ne zai zauna. Sai ga yashi yana cin kashi ɗaya cikin 16 na lafiyar kowane kifi nawa a duk zagaye, ba tare da an taɓa shi ba. Ranar da kuma aka bar mini ruwan nawa, sai na gano ba ni kaɗai yake yi wa aiki ba. Akwai bugun tsawa da a ranar Allah yakan kuskure sau uku cikin goma, amma in ana ruwa ba ya kuskure. Pelipper kuwa ga shi ɗan ruwa ga shi mai fiffike, lantarki ninki huɗu yake yi masa. Wato ni na kira hadarin, ni na biya kuɗin data, tsawar ta faɗo a kaina. Wani kuma ya turo mini wata dodon-koɗi marar ƙoƙo, Gastrodon, wadda in ka watsa mata ruwa shanyewa take ta ƙara ƙarfi. Na shayar da ita har ta ƙoshi, ta tashi ta yi mini godiya da duka.

Rahama ɗaya ce a dandalin: kowa da maki 1000 yake farawa, kuma ba a faɗuwa ƙasa da haka. Nan na kafa bukka.

Labari ba ya ɓuya a gari. Taubashina ya ji a wurin mai cajin waya, inda na zama babban kwastoma, ya naɗa ni Sarkin Ruwan Dandamisa a teburin mai shayi, har da ɗaga mini hannu yana "Ranka ya daɗe, yaushe za a sakar mana na rake?" A gida kuma uwargida ta ga ina kai wa tsakar dare da waya a ƙarƙashin bargo ina tsaki ina murmushi, ta yanke hukuncin da kowace mace mai hankali za ta yanke. Wata asuba ina masallaci ta buɗe wayar. Da na dawo na same ta zaune ta zuba tagumi.

"Malam, da ma budurwa ce, da na san da wadda nake kishi. Wannan tsuntsun mai bakin kwarya fa?"

Daga nan na sauke rawani na koma ɗalibin ɗan yayata, ta waya, don ya riga ya koma makaranta. Muka kwashe makin saurin nan muka mayar juriya. Muka sallami 'yan ruwa biyu, muka ɗauko Zapdos, tsuntsun lantarki wanda ruwa ke gyara wa tsawa da guguwa, da ita Gastrodon ɗin da ta wulaƙanta ni, don lantarki ba ya kama ta. Ya koya mini in ɓoye Pelipper, in bar kunkuru ya gama buɗe ranarsa, sannan in turo shi ya rufe ta, ya yi bugu ɗaya ya koma ciki, ya bar wa kifi fage. Na fara cin wasa jefi-jefi. Har na fara gaisawa da mutane da hannu ɗaya.

Ranar da abin ya faru, cikin Oktoba ne, an ɓare masara an baza ta a kan tamfol a tsakar gida. Bayan la'asar aka haɗa ni da wani mai rundunar rana, da kunkurunsa da kwaɗonsa, irin waɗanda suka fara kunyata ni. Na bi karatun yaro sau da ƙafa. Kunkuru ya fito, na rufe masa rana. Ya koma ya sake fitowa, Barraskewda ya tare shi. Da ya zo fitowa na gaba da ragowar numfashi, muka gama da shi. Babu sauran mai kiran rana a duniya. Na turo Pelipper, ruwa ya sauka na zagaye takwas, nawa ni kaɗai, mutumin saura dodanni biyu.

"Malam, hadari fa ya haɗo."

Na ɗaga labule da yatsa ɗaya, na yi wa gabas kallon sakan biyu, na ba da fatawa: "Hadarin kaka ne, ba ruwa a cikinsa."

Ban sake labulen ba na ji ɗigon farko a kan kwano. Kafin in zaɓi bugu, sama ta tsage. Sandunan sabis na wayar suka fara zubewa, huɗu, biyu, ɗaya, babu. Shi kuwa mutumin ya riga ya kunna agogon wasa, wanda in lokacinka ya ƙare ba ka motsa ba, an cinye ka. Na fito a guje. Uwargida da yara da matar ƙanena suna ta kwasar masara da kwanuka da tsintsiya, ana ta salati. Na ratsa ta tsakiyarsu, na taka tamfol ɗin, na haye kan turmi, na cire hulata na lulluɓe wayar, na ɗaga ta sama da hannu biyu ina neman sanda ɗaya tak.

Baba yana zaure yana kallo. Daga baya ya gaya wa taubashina cewa da farko ya ji daɗi, ya zaci addu'a nake yi ruwan ya tsagaita.

Sabis ya dawo bayan magariba. An rubuta cewa na sha kaye saboda rashin motsi. Masarar da ke gefen kwata ta bi ruwa, wadda aka kwashe a jiƙe kuma muka yi kwanaki muna baza ta a ɗaki da zaure, duk da haka wata ta yi fumfuna, kaji suka samu rabo. Yanzu in sama ta sauya fuska a gidanmu, ƙaramar 'yata ake tambaya, tana aji uku.

Don haka mai karatu, in kana wannan wasa, ka haɗu da wani da tsakar dare a wajajen maki 1000, da Pelipper mai sanyin jiki da Gastrodon a bayansa, don Allah kada ka kunna agogo. Mai iyali ne, kuma bana sai ya sayi masara.