Ajiyar Gardi

Malamanmu na mazhabar Malikiyya, Allah Ya saka musu da alheri, sun yi wa sha'anin ajiya bayani mai gamsarwa, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya, ya san cewa wanda aka ba wadi'a amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwa idan ta salwanta, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare haddi. Sai dai galibin misalan da ake kawowa a zaurukan karatu a kan dinari ne da tufafi da hatsi, watau abubuwan da in ka aje su da dare za ka wayi gari suna inda ka bar su. Ni kuwa wadi'ar da aka ba ni a nan Tasawa tana numfashi, tana da ra'ayin kanta game da ɗakin da ya dace ta kwana.

Maƙwabcina gardi ne, asalinsa daga Gulbin Kaba a ƙasar Mayahi, inda goriba ta yi wa kwari rumfa, ya kuwa gaji wasa da macizai daga kakanni. Da su yake ci da iyali, yana zagaya kasuwanni daga Tasawa zuwa Maijirgi, daga Mayahi zuwa Kananbakashe. Dukiyarsa duka tana cikin wata tsohuwar adaka mai ɗakuna da ramukan iska: mesa guda wadda kaurinta ya kai cinyar ƙato, kumurci biyu, kasa ɗaya, damo, sai wani kunkuru da ya ce ya girme shi. Ana cikin hunturu aka yi masa rasuwa a Damagaram, direbobi kuwa suka ƙi ɗaukar adakar ko da ninkin kuɗin mota, sai ya yi sallama a zaurena.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "ka bar ta nan zaure, a fili, inda kowa zai gan ta. Sun ci sun ƙoshi, mesa takan yi makonni ba ta nemi komai ba. Kada ka ba su abinci, kada ka rufe, kada ka buɗe. Alfarmar da nake nema ita ce kada ka yi komai."

Na tambaye shi ko akwai mai satar maciji, ya ce ƙwarai kuwa, domin dukawa na sayen fatar mesa su yi jaka da takalma, bokaye na neman kai da kitse, wani gardin ma in ya sami wanda aka riga aka hora ba ya ƙi. Da jin haka sai na ga cewa barin dukiya irin wannan a zaure marar ƙyaure shi ne ainihin tafriɗin da malamai suka tsoratar a kansa. Ni kuwa tsohon mushen lakwal ne, na shekara da shekaru ina riƙe da mabuɗin kabad ɗin alli, ba za a koya mini tsaron kaya ba. Motar gardi ba ta wuce bakin gari ba na sa aka kinkimi adaka zuwa ɗakin da nake aje littattafaina, na sayo sarƙar ɗaure raƙumi da manyan kwaɗuna na jika uku uku, na ɗauki wani gardin almajiri mai ƙulki ya riƙa kwana a ƙofa, sa'an nan na rubuta da ajami da boko cewa duk wanda ya taɓa wannan adaka ya kuka da kansa.

Abin da ya biyo baya yana cikin ɗabi'ar mutanenmu. Tun da aka gano zinariya a Jado cikin 2014, samarinmu suka yi ta kwarara arewa, ba a ga mutum ya sa wa akwati sarƙa ba face an ce wani ɗa ko ƙane ya aiko masa da rabonsa. Gaisuwata ta ƙara tsawo a masallaci. Mahaucin da ke bina bashi ya ce in bar shi, ai mun zama ɗaya. Wani maroƙi ya tsaya ƙofar gida yana danganta ni da sarakunan Katsina da suka kafa ƙasar nan, alhali kakana masaƙi ne. Dangin da rabona da su tun sunan ɗan farina suka iso da buƙatu, kuma duk wanda na rantse masa cewa macizai ne a ciki sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Malam, sirri ai shi ne maganin dukiya." Har uwargida, wadda da idonta ta ga jelar damo, ta fara cewa la'alla akwai wani abu a ƙarƙashinsu, in ba haka ba me zai sa dattijo ya tashi sulusin dare yana leƙen ɗaki da tocila.

A daren da sanyi ya fi tsananta, mai gadina ya tafi jin ɗumi wurin mai shayi, ɓarawo kuwa ya bar ƙofa da kwaɗunanta ya huda bango ta baya. Adaka ta fi ƙarfin kafaɗarsa, don haka ya jawo ta tsakar gida ya sa mata guduma. Ban ga fuskarsa ba, amma na ji muryarsa, kuma ina shaida cewa ya ambaci sunan Allah da ikhlasin da ban taɓa ji daga bakin wani mai wa'azi ba. Da na fito na tarar da takalmi wari ɗaya, da hula a kan katanga, da adaka a wangame. Sarƙa da kwaɗuna kam ya tafi da su, ko cikin ruɗewa ko don kada ya koma hannu rabbana. Kunkuru kaɗai ya tsaya inda amana ta aje shi.

To, maciji dabba ce da ba ta da zafin jiki na kanta, in sanyi ya kama ta sai ta nemi inda ɗumi yake, gidana kuwa ɗumi a wuri uku yake: murhu, akurki, da bargona. Na tuna cewa a ƙarshen Risala an kawo batun yi wa macizan gida gargaɗi har uku kafin a ɗau mataki, saboda haka na hau kan turmi, tocila a hannu, na fuskanci madafa, na yi musu nasiha cikin lafazi mai taushi da su koma masaukinsu. Uwargida, wadda ta riga ta hau rufin ɗaki da yara, ta leƙo ta ce, "Malam, wancan gargaɗin na masu gida ne da ake zaton aljannu ne. Waɗannan baƙinka ne, kai ka shigo da su. Kuma maciji ba shi da kunne." Ina shirin ba ta amsa sai kumurci ɗaya ya miƙe daga bayan tulu, ya baje wuya, ya feso mini dafi daidai ido, irin wanda ke makantar da mutum in ba a yi saurin wankewa da ruwa mai yawa ba. Tabarau ne ya tare. Na tsaya a kan turmin nan ina kallon dafin yana gangarowa a kan gilashi, ban sauko ba sai da ladan ya kira assalatu.

Da gari ya waye, aka ce sai dai a nemo wani gardin, kuma ranar kasuwar Mayahi ce, nan ake samunsu. Na bi motar 'yan kasuwa, na samo wani tsamurarren tsoho, na kuma ga sarƙata a shimfiɗe gaban wani mai kayan gwangwan, wanda ya rantse cewa gadonta ya yi, har na saye ta a karo na biyu. Tsohon ya shiga gidana ba takalmi. Ya zaro mesa daga akurki, cikinta ya yi tudu a wuri biyu, wanda ya yi daidai da adadin kajin maƙwabciya da suka saba kwana wurinmu. Ya ciro damo daga bargona. Ya kama kumurci, ya buɗe bakin ɗaya da tsinke, ya nuna mini haƙora farare tas, ya ce, "Wanda ya ce maka an cire musu haƙori bai yi ƙarya ba, Malam, sai dai haƙorin maciji tsirowa yake yi." Kasa kuwa ya neme ta har la'asar bai gan ta ba, ya ce ita ba ta gudu, kwanciya take yi ta saje da ƙasa har sai an taka ta, ya karɓi ladansa ya tafi. Kafin magariba kuma wani ma'aikaci ya zo yana tambayar takardar izinin tsare namun daji, yana ambaton dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998, sai da mai unguwa ya yi dogon bayani kafin ya yarda cewa ni mai masauki ne kawai.

Da gardi ya dawo aka zauna gaban liman. Na kafa hujja cewa ba a taɓa tsare wadi'a kamar yadda na tsare wannan ba, liman kuwa ya ce haka ne, babu sakaci ko kaɗan, amma mai kaya ya ce a bar su a zaure, ni kuma na ɗauke, wannan shi ne ta'addi. Aka yanke mini biyan kaji biyu, da adaka, da kuɗin kasa in ba ta bayyana ba, gyaran bango kuma dama nawa ne. Har gobe ina ganin akwai wurin nazari a wannan fatawa.

Saboda haka ina roƙon jama'ar unguwarmu, duk wanda ya ga wata gajeriyar macijiya mai kauri da faffaɗan kai tana barci a gindin rumbu ko cikin karan dawa, kada ya taka ta, kada kuma ya kashe ta, domin jika ashirin aka yi mata kuɗi. Ya aiko yaro gidan surukaina, can muke zaune yanzu.