Ƙyallen kaki a zafin Gobir

Ina da ƙorafi a kan sabon yayin rufe abinci da ƙyallen da aka jiƙa da kakin zuma. Wata 'yar Kanada ce ta fara sayar da irinsa a 2008 da sunan Abeego. Haɗin ba wuya: a gurza kaki a kan ƙyallen auduga, a ɗora takarda, a bi da dutsen guga har ya tsotse. In za a rufe kwano, sai a danna da tafin hannu, ɗumin jiki ya tausasa kakin ya kama baki. To, nan gizo ke saƙar. Ɗumin jikin mutum digiri 37 ne, a Tsamaye kuwa, da Sabon Birni da Isa, zafin watan Afrilu yakan wuce 40. Ke nan aikin da hannu ke yi na ɗan lokaci a Kanada, a nan iskar bazara za ta wuni tana yinsa kyauta. Kakin ba zai tsiyaye ba, don sai ya haura digiri 60 yake narkewa, amma zai yi danƙon da uwargida za ta ɗauko ƙwaryar fura ta ga gefen mayafinta ya bi ta.

Da hunturu ya shigo, ƙura ta samu wurin zama. A kawo tuwon gero da zafinsa a rufe, kaki ya sauka cikin miyar kuka, maigida ya yi ta tauna yana zargin daddawa. Masu sana'ar da kansu sun hana wanke shi da ruwan zafi, sun hana naɗe ɗanyen nama da shi, ban san da me za a fitar da maiƙon man shanu ba. Ga kuma baƙi: masu kiwon zuma ƙamshin kaki suke amfani da shi don jawo ƙudan zuma cikin amya, mu kuma mu shimfiɗa shi a tsakar gida, kusa da yara.

Za a ce mini leda fa? Gaskiya ne, tana kashe awaki in sun haɗiye ta, tana toshe magudanar ruwa, Ruwanda ma ta haramta ta tun 2008. Ban musa ba. Amma kafin leda ta shigo ƙasar Gobir ba a buɗe ake barin abinci ba. Faifai na kaba yana nan, yana barin nono ya sha iska, a kaɗe shi a sake kifawa, a yi fifita da shi, a kuma sheƙe gero. Wani zai ce ai faifai ba ya manne wa ƙwarya. Ai shi ya sa ake iya ɗaga shi. Kakin kuma a kai wa dukawa su murza zaren ɗinkin fata, can yake da kasuwa.