Ku da Kuke Cewa Tsohon Kwabo Ba Ya Sayen Koko

'Yan'uwana na Mandouri, sannunku da dariya. Kun ji ana cewa akwai masu tara kuɗin Sur, tsohon birnin Finisawa a gaɓar tekun Labanan, na zamanin mulkin Rumawa, sai kuka ce aikin banza, ko mai ƙosai a Dapaong ba za ta karɓa ba. Gaskiyarku, Alhaji, ba za ta karɓa ba. Amma wa ya ce maka kashewa ake yi? Karantawa ake yi.

Ɗauki shekel ɗin Sur: azurfa ce mai nauyin kusan giram 14. Gaba kan gunkinsu Melƙart, baya gaggafa. Shekarar da ke jiki kuwa ba ta Miladiyya ba ce. Mutanen Sur daga 126 kafin Miladiyya suke fara ƙirga, lokacin da garin ya sami 'yancin kansa. In ba ka iya wannan lissafi ba, sai ka tsufar da kuɗin ko ka mai da shi yaro. Bayan Sarkin Rumawa Septimius Severus ya ɗaga darajar garin, sai rubutun Latin ya hau kuɗin tagulla, ga ƙwanson dodon-koɗin da suke rina shunayya da shi a gefe. Na Bairut kuwa, sau da yawa mutum za ka gani yana huɗa da shanu.

Na ji wani Malam daga Sokodé yana cewa, "Wannan ai sai Turawa." Haba Malam! Je ka buɗe tsohuwar adakar Hajiya kaka. Ƙila ka tarar da azurfar Mariya Taresa, wadda fataken goro suka sani sarai. An rubuta mata 1780, alhali an yi ta buga ta da wannan shekara har ƙarni na 20. Ga anini mai huda, ga faran na Togo na 1924, lokacin riƙon Faransa. Kowa ya raina gajere, bai taka kunama ba.

Sharaɗi ɗaya dai: kada ka goge tsohon kuɗi da toka da lemun tsami don ya yi ƙyalli, darajarsa kake kankarewa. Auna nauyinsa, duba rubutunsa. Wanda kuma ya zo maka da "kuɗin Rumawa" cike da leda, duk fuska iri ɗaya, sabbi fil, ba shi ruwa ya sha, ka raka shi tasha.