Wasiƙa daga Ikko zuwa ga taubashina

Ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma damina tana albarka. Ka gaishe min da Goggo.

To bawana, gyara zama ka sha labari. Ka tuna lokacin da Kawu yake bin ka da tsumagiya don ka kwashe kashin doki, kai kuma kana ɓuya bayan rumbu? A nan Ikko kuɗi masu hali suke biya a koya wa 'ya'yansu wannan aikin da ka guje wa. Da aka yi dogon hutu a Yuli, sai aka tara mana yara a wata barga can wajen Lekki, aka ce in koya musu kula da doki da hawa. Tun asuba nake baro Agege saboda cunkoso.

Sun zo da hular kwano da dogayen takalma, kowa sukuwa yake so. Na ce babu mai taka likkafa sai ya iya share barga, ya goge jikin doki, ya taje geza, ya duba kaska, ya ɗaga ƙafa ya ƙwaƙule kofato. A kan kofaton nan na fi matsa musu, domin laimar garin nan ruɓar da shi take yi in aka bar dokin cikin caɓi. Sun san yanzu ba a tsayawa bayan doki, ta hagu ake hawa, kuma ba a ba shi hatsi yana haki, don kada cikinsa ya murɗa. Wani yaro ya ɓoyo burodin Agege a riga don ya ba akawal ɗinmu. Na ce masa wannan bakin harawa ya sani, ita kuwa daga Arewa ake kawo ta a mota, da tsadarta.

Akwai wata 'yar shekara tara da ke faranta min rai. Ita kaɗai take ɗaura sirdi, ta sa linzami, ta yi kilisa bayanta a miƙe. Na ba ta labarin wani taubashina da jaki ya kayar a ranar kasuwa. Ta ce in gaishe ka, kuma in ka zo za ta koya maka kyauta.

Kada ka ɗauka doki baƙo ne a nan. Kulob ɗin folo na Ikoyi tun 1904 yake, kuma masu kula da dawakinsa da yawa mutanenmu ne. Kaka da ya sauka a tashar jirgin Iddo don fataucin goro, da ya ga jikansa malami ne, da ya sa albarka.

Yaran sun ji labarin Hawan Daushe, sun ce sai na kai su Kano. Ka fara share zaure. Kafin nan, ka aiko min da kanwa da ragama biyu ta hannun direbobin shanu masu zuwa mayankar Oko-Oba. Kuɗin kuwa ka cire a bashin da nake bin ka.

Naka,
Ubangidanka na Agege