Masu Bin Ƙamshin Kuɗi a Layin JAMB

Da an buɗe rajistar JAMB, duk gidan da ke da ɗan aji shida sai ya koma majalisa. Shi fom ba ruwansa da dogon zance, tambaya biyu gare shi: wace makaranta, wane kwas. A cikin yaran da ke cike gurbin nan da Akanta, ko Tattalin Arziki, ko Harkar Banki, ko Gudanar da Kasuwanci, akwai mutane kala-kala, kuma 'yan ƙalilan ne za su iya gaya maka abin da ya raba kwasa-kwasan nan huɗu. Sun dai ji an ce a can ake zancen kuɗi.

Wanda ya fi yawa shi ne Mai Bin Ƙamshi. Wata rana aka aike shi banki ya biya wa ƙanwarsa kuɗin makaranta, sanyin ɗakin ya daki fuskarsa, ya hango wani saurayi cikin kwat yana zuba bandir-bandir a injin ƙirga, inji na ta firrr. A nan ya gama zaɓen sana'a. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa saurayin nan, in lissafin yamma ya ƙi daidaita, ba shi ba tafiya gida, in kuma giɓin ya ƙi cikewa a jikin albashinsa za a yanka. Da yawa daga masu zama a kanta ma 'yan kwantiragi ne, wani kamfani ya kawo su. In kuwa aka jefa shi sashen farautar kwastoma, za a ɗora masa adadin da zai jawo wa banki, ya yi ta zarya tsakanin Kantin Kwari da Singa da kwat ɗinsa cikin rana, yana russuna wa alhazan da ba su taɓa zama a aji ba: "Ranka ya daɗe, ko asusu ɗaya a taimaka a buɗe a wajenmu." Makiyayin haya ke nan: garke a gabansa, amma ko ɗan maraƙi ba shi da ikon sayarwa.

Sai Ɗan Baba-ya-ce. Shi ba a ma tambaye shi ba. Alhaji na da shaguna uku, yana zargin yaran shago na yi masa ƙwange, don haka ya yanke hukunci ɗaya daga cikin 'ya'yansa zai karanta Akanta. Yaro ya je Zariya, ya sha shekara huɗu, ya dawo da darasin farko da ake koya wa kowane akanta: aljihun mai shago daban, aljihun shago daban. To Alhaji daga durowa ɗaya yake ɗibar kuɗin cefane, da na biki, da na almajirai, da na ƙanin matarsa da ya zo daga ƙauye. Ran da yaro ya kawo littafi ya ce, "Baba, motar kayan nan darajarta na raguwa duk shekara, dole a riƙa cirewa a lissafi," sai Alhaji ya ɗaga tabarau. "Motar da na saya miliyan huɗu, jiya aka taya ta tara, ita ce ke raguwa? Abin da na biya kuɗi aka koya maka ke nan?" Kowannensu na da gaskiya, sai dai bayanin faɗuwar naira aikin ɗan Tattalin Arziki ne, shi kuwa yana wani gidan yana neman aiki.

'Yan gudun hijira kashi biyu ne. Akwai wanda tun yana firamare ake kiransa Dakta, ya zauna jarrabawa sau biyu, maki ya tsaya nesa da inda ake so a cikin 400 ɗin, sai dangi suka ce a koma Akanta "kafin Allah ya kawo mafita". Ya manta cewa darussan da ya rubuta na likitanci ne, su kuwa masu Akanta Lissafi da Tattalin Arziki suke nema a kan Turanci, ga kiredit biyar a WAEC ko NECO wanda dole Lissafi na ciki. Na biyu ya fi ban tausayi. Lissafin ne ma ya gudo wa, ya ɓuya a Tattalin Arziki don yana jin masana a rediyo suna zuba bayani kan tsadar shinkafa, ya ɗauka kwas ɗin hira ne. Zangon farko ya tarar da Lissafi na jiransa a bakin ƙofa, ya zo da ƙaninsa Ƙididdiga, kuma ba za su tafi ba sai sun raka shi aji huɗu.

Gwamnan Gobe ba ya wasa da ƙaramar kujera. Tun yanzu yana gwada sa hannunsa a bayan littafi, don ya ga yadda zai fito a jikin takardar naira dubu. Ya san Sanusi Lamido Sanusi Tattalin Arziki ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya san ya riƙe Babban Bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014. Abin da ke tsakanin 1985 da mutumin ya shiga aikin banki da ranar da ya hau kujerar, wannan shafin yakan tsallake shi.

Ustazu kuwa da gaske yake, shi ya sa nake ɗaga masa ƙafa. Yana son lissafi, yana tsoron riba irin ta ruwa, kuma a da zaɓinsa bai wuce ya haƙura ba. Yanzu ƙofa ta buɗe: bankin Jaiz, wanda ba ya harkar kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, Jami'ar Bayero kuma na da cibiya sukutum ta nazarin bankin Musulunci. Murabaha da mudaraba da ijara sun zama abin cin abinci, ba karatun zaure kaɗai ba. Inda Ustazu ke shan mamaki shi ne ajin farko, in malami ya rubuta a allo a lissafa kuɗin ruwan da bashi zai tara cikin shekara biyar. Ya ɗaga hannu: "Malam, wannan fa haramun ne." Malam ya ce, "Ba cewa na yi ka ci ba, lissafawa za ka yi, maki goma ne." Ustazu ya yi a'uziyya, ya danna kalkuleta, ya fi kowa ci.

Ɗan Kirifto shi jami'a ma ɓata lokaci ce a wurinsa, fom ɗin don Hajiya ta daina magana ya saya. A 2024 ya kwashe watanni yana ƙwanƙwasa fuskar waya don a raba masa kirifto kyauta, har yatsa ya yi kanta, ranar rabo abin da ya faɗo bai biya kuɗin data ba. Bai yi wayo ba lokacin da MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, amma CBEX da ta kife a 2025 da shi aka yi jana'iza. Hujjarsa kullum ɗaya: "Ɗangote wane digiri ya yi?" In ka ce masa ai kasuwanci ya karanta a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, sai ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa. Abin haushi, a duk taron nan shi ya fi buƙatar darasin da yake raina wa, wanda ke cewa duk ribar da aka yi maka alkawarin za ta ninka cikin wata guda, uwar kuɗinka ake hari.

Akwai Mai Tara Haruffa, kuma shi ya ɗan leƙa gaba. Ya gano cewa digirin Akanta kaɗai ba ya sa a kira mutum ƙwararren akanta, sai ya ci jarrabawar ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ya bi ta ANAN mai kwaleji a kusa da Jos. Har ya san ICAN na da matakin ƙananan akantoci da ake iya farawa da sakamakon sakandare. Duk wannan daidai ne. Matsalar ita ce ya riga ya zana katin ɗaurin aurensa a zuci, haruffan bayan suna sun fi sunan tsawo, amaryar ce kawai ba a samu ba.

Wadda na fi so a tsaya a duba ita ce yarinyar da ke riƙe wa mahaifiyarta littafin adashe tun tana ƙaramar sakandare. Mata ashirin ke zubi, ta san wadda ta yi nuƙusani, ta san mai kwasa ranar Juma'a, ta san wadda za ta ce "ai na bayar" alhali ba ta bayar ba, kuma tana da shafin da za ta buɗe mata cikin ladabi: "Inna, duba nan, ranar Talata ce ba ki aiko ba." Aikin mai binciken kuɗi ke nan tsaf, saura takarda. Amma da ta ambaci Akanta sai gwaggonni su taso: aikin banki sai dare ake tashi, wane namiji zai yarda, ta yi koyarwa mana. Ba su san akanta ba lallai a banki yake aiki ba. Asibiti na nemansa, da makaranta, da kamfanin taki, da ofishin haraji. Zainab Shamsuna Ahmed ma Akanta ta karanta a Zariya, ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta ƙasa daga 2018 zuwa 2023. Gwaggo ta ji wannan ta ce, "To ai ita 'yar manya ce." Aka koma zancen atamfar biki.

Can ƙarshen layi ga Na-Allah, wanda ya iso cibiyar rajista bai yanke komai ba. Mai danna kwamfuta ya gaji, rana ta take, mutum hamsin na jira.

"Wane kwas?"

"Yallaɓai, wanne ne ya fi kawo kuɗi?"

"Ni da na sani, da ka same ni a nan? Yi sauri."

Na-Allah ya waiga ya tambayi na bayansa me zai cike. Wannan ya ce Akanta, don Babansa ya ce.

"To a sa mini irin nasa."